Daga Bakin Allo: Hoton Da Ya Ƙi Girma

A wannan wata mun ɗan fita daga aji, za mu shiga da ku wani ɗaki da yawancin yaranmu na yanzu ba su taɓa leƙawa ba, wato ɗakin duhu inda ake wanke hoto. Dalili kuwa wani abu ne da ya same mu a nan Bulpiela kwanakin baya, wanda ya kusa ba mu kunya a gaban wata dattijuwa, ya kuma tuna mana wani darasi da muka haddace tun muna kwalejin horon malamai, amma ba mu taɓa ganinsa da idonmu ba sai a daren nan.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta aiko a kira mu. Bayan mun gaisa sai ta buɗe wata tsohuwar ambulan, ta fito da ɗan yankin fim na baƙi da fari, irin wanda muke kira dodon hoto, inda baƙi ke fita fari, fari kuma ya fita baƙi. Hoton mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta, an ɗauke shi ranar sunan wani jikanta a farkon shekarun 1980. Wanda aka wanke aka rataye a bango ruwan sama ya lalata shi shekarar da iska ta yaye musu kwano, kuma ba wani hoton tsohuwar a duniya sai wannan ɗan yanki. Ta ce, "Malam, ku ne 'yan boko. Ina so jikokina su ga fuskarta sosai, babba, yadda ko mai ciwon ido zai gane ta." Muka ce, "Hajiya, da yardar Allah za a yi."

Mun san wani zai ce ai sai a kai shi a yi masa sikan a kwamfuta. Gaskiya ne, kuma daga baya mun yi haka domin ajiya. To amma a unguwarmu akwai wani tsoho da ya yi sana'ar hoto shekaru masu yawa, wanda muna yara a shekarun 1990 shi ke ɗaukarmu hoton salla, kuma har yau injinsa na faɗaɗa hoto yana nan lulluɓe da zane. Ga kuma wani tsohon ɗalibinmu da ya dawo daga Turai ya kawo mana tsarabar ruwan wanke hoto da fakiti ɗaya na takardar hoto ta Ilford, guda 25, kowace inci 8 da 10, wato kusan santimita 20 da 25. Sai muka ga dama ta samu da za mu cika wa Hajiya burinta, yaranmu uku kuma su ga aikin da idonsu. Takarda 25 kacal, in ta ƙare ba inda za mu leƙa a Aboabo mu ce a ƙaro mana.

YADDA INJIN YAKE

Masu sana'a suna kiran injin enlaja. Akwai allo shimfiɗe a ƙasa inda ake ɗora takarda, da sandar ƙarfe a tsaye, da wani kai mai hawa da sauka a jikin sandar. A cikin kan akwai ƙwan lantarki, ƙarƙashinsa gilasai masu tara haske, sai maƙalin da ake zura fim, sai zugazugi kamar na maƙera, a can ƙasa kuma sai lensi, wato gilashin nan mai kumburin ciki da ke jefa hoton bisa takarda. A taƙaice majigi ne aka kifa kansa ƙasa. Buƙatarsa ta yi ƙarfi ne bayan da kamfanin Leitz na Jamus ya fito da kyamarar Leica a 1925, mai aiki da ƙaramin fim wanda kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne da 36, bai fi kan sarki biyu ba. Irin wannan fim ne na Hajiya.

Bayan isha'i muka shiga ɗakin, muka toshe taga, muka kunna jar fitila. Baba kuwa, da yake idonsa ya yi rauni, ya zauna a tabarma a waje da rediyonsa. Muka zura fim, muka kunna injin, sai ga tsohuwar ta bayyana bisa allo. Muka ɗaga kan injin don hoton ya ƙara girma, muka yi ta ɗagawa har ya kai ƙarshen sanda ya tsaya. Da muka daidaita hoton ya fito tangaran, muka sa rula: santimita 13 da 19, bai cika takardarmu ba. Muka murɗa wannan, muka murɗa wancan, ko dai hoton ya dushe ko ya koma yadda yake. Wani yaro ya ce ƙwan ne ya yi sanyi, wani ya ce a ɗora injin bisa littattafai, ya manta allon ma tare zai tashi.

Da dabara ta ƙare muka fita muka durƙusa muka ce, "Baba, ga alama injin nan ya gaji, ya ƙi ba da girma." Ya rage muryar rediyo ya ce, "Malam, wane ido ne a jikinsa? Haska bakinsa ka karanto mini lambar." Muka haska muka ce 80. Ya ce, "Wannan na babban fim ne. Duba gwangwanin madarar da ke kan taga, ƙaninsa na ciki nannaɗe da tsumma." Muka buɗe, muka ga wani ɗan ƙarami an rubuta 50. Muka ce, "Baba, 80 bai ba da girma ba, ina ga 50?" Domin abin da muka sani a kyamara shi ne, lensi mai babbar lamba shi ke jawo abu ya yi girma, kamar dogayen nan da 'yan jarida ke riƙewa a bakin filin ƙwallo. Tsoho ya yi dariya ya ce, "Ɗaura dai, ɗana. Gani ya kori ji."

Muka kwance 80 muka ɗaura 50, ba mu taɓa tsayin kan injin ba, muka sake daidaitawa kawai. Sai ga hoton ya tumbatsa, ya wuce takarda ya kwanta a gefen allo, wajen santimita 24 da 36. Dole muka sauko da kan injin ƙasa. Yaran suka dube mu suna jiran bayani, mu kuma muka ce su bari sai gobe a aji, don a gaskiya mu ma sai da muka kwana muna lissafi.

ME LAMBAR TAKE NUFI?

Kowane lensi yana da lamba a bakinsa, 50 ko 75 ko 80 ko 105 ko 150, da haruffan mm a gefe, wato milimita. In ka ɗauki gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ka fita da shi rana, ka riƙe shi bisa takarda kana matsowa kana ja da baya, za ka iske wani wuri da hasken ya taru a ɗigo ɗaya mai zafi har takardar ta soma hayaƙi. Tazarar da ke tsakanin gilashin da wannan ɗigo ita ce lambar. Mu a aji mun raɗa mata suna zangon lensi, don kamar yadda ayarin fatake ke tasowa daga nesa su sauka wuri guda, haka hasken da ya taso daga nesa ke ratsa gilashi ya sauka wuri guda. Lensi mai lamba 50 zangonsa santimita 5 ne, mai 80 kuma santimita 8. Yaran da za su gwada wannan a gida, muna jan kunnenku: kada wanda ya kuskura ya kalli rana ta cikin gilashi, yana makantarwa, kuma kada a gwada kusa da ciyawa ko katifa.

To ga dokar, kuma ba ta fi ƙarfin ɗan ƙaramar sakandare ba. Auna tazarar da ke tsakanin lensi da takarda, ka raba ta da zangon lensin, ka cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne ninki nawa hoton zai fi fim ɗinsa girma.

Mu ɗauka tazarar milimita 500 ce, wato rabin mita, kamar yadda muka auna a ɗakin Baba. Da lensi mai 80: 500 a raba da 80 ya ba da 6 da kwata, a cire ɗaya saura 5 da kwata. Fim mai 24 da 36 in an ninka shi haka zai ba da milimita 126 da 189, wato santimita 13 da 19 ɗin nan da rularmu ta nuna. Da lensi mai 50: 500 a raba da 50 ya ba da 10, a cire ɗaya saura 9, hoton zai zama kusan santimita 22 da 32. Abin da ya sa namu ya ɗan fi haka shi ne, da muka sake daidaitawa lensin ya matsa sama kusa da fim, tazararsa da allo ta ƙaru. Da a ce mai 105 ne a jikin injin, da ninkin bai kai 4 ba, hoton bai fi santimita 9 da 13 da rabi ba, girman katin gaisuwa. Ashe injin Baba lafiyarsa lau. A tsayi ɗaya, gajeren lensi shi ke ba da babban hoto, dogo kuma ya ba da ƙarami.

DALILIN DA YA SA HAKA

Ku tuna wasan inuwa da muke yi muna yara in an ɗauke wuta. In ka kai hannunka kusa da fitilar ƙwai, inuwarsa sai ta cika bango, in ka janye shi nesa da fitilar sai inuwar ta ƙanƙance. Abin da ke faruwa a cikin enlaja ɗan'uwan wannan ne. Hasken da ya ratso fim yana bi ta tsakiyar lensi ya buɗe a ƙasa kamar bakin almakashi, kuma gwargwadon kusancin fim da lensi, gwargwadon faɗin buɗewar. Kafin hoto ya fito tangaran kuwa, tilas fim ya zauna kaɗan gaba da zangon lensi. Mai 50 yana zama wajen milimita 56 daga fim, mai 80 kuwa sai ya ja da baya zuwa wajen 95. Raba 500 da 56 ka samu kusan 9, raba 500 da 95 ka samu 5 da kwata. Amsa ɗaya ta hanya biyu.

To me ya sa a kyamara abin yake akasin haka? Saboda tafiyar haske ce ta juya. Ko a kyamara ko a enlaja, girman hoto shi ne tazarar lensi da wurin da hoton ya sauka, a raba da tazarar lensi da abin da ake ɗauka. A kyamara mutum yana can nesa, hoto yana sauka a fim da ke bayan lensi, don haka dogon zango yana ƙara adadin da ake rabawa, hoto ya ƙaru. A enlaja kuwa fim ɗin ne ya zama abin da ake ɗauka, don haka dogon zango yana ƙara adadin da ake rabawa da shi, hoto ya ragu. Ɗaliban da ke shirin WASSCE sun san wannan a matsayin 1/f = 1/u + 1/v. Ku sa u ya zama 55.6, v ya zama 500, za ku ga f ya fito 50. Mun rubuta wannan layi a takardar jarrabawa mun ci, amma sai a ɗakin Baba muka gane cewa u da v abubuwa ne da ake iya aunawa da rular tela.

KUSKURENMU NA BIYU

Mutum in ya koyi abu sabo sai ya ɗauka ya gama sani. Bayan mako guda muka koma, wannan karo da wani fim daga akwatin Baba, hoton wata ƙungiyar ƙwallo ta samarin da, wanda kakan ɗaya daga cikin yaranmu yake tsaye a ƙarshen layin baya. Wannan fim babba ne, irin wanda ake kira 120, da Kodak ya fito da shi tun 1901, kuma hotonsa murabba'i ne, milimita 56 kowane gefe, masu sana'a na ce masa 6 da 6. Muka ce tunda gajeren lensi ke ba da girma, a bar 50 a jiki. Tsakiyar hoton ta fito da kyau, hankalinmu duk yana can, ba mu lura kusurwoyi huɗu sun yi duhu bisa allo ba. Da muka wanke sai kusurwoyin suka fito fari fat, domin takardar hoto inda haske bai taɓa ba fari take zama. Kan kakan yaron, wanda dominsa aka yi aikin, yana cikin abin da ya ɓace. Takarda ɗaya ta tafi a banza.

Abin da muka manta shi ne, kowane lensi yana da iyakar da'irar da yake iya gani, kuma gajeren lensi da'irarsa ƙarama ce. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce, zangon lensi ya yi daidai, ko ya ɗan fi, tsawon fim daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga wurin da lissafin Paitagoras ke amfani. Fim mai 24 da 36 daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43 ne, shi ya sa ake ba shi 50. Mai 6 da 6 milimita 79 ne, sai a ba shi 75 ko 80. Mai 6 da 9 ya ɗan haura 100, nasa 105 ne. Babban fim mai inci 4 da 5 kuwa sai 135 ko 150. Akwai wasu lensuna na musamman masu faɗin gani, kamar 40 don ƙaramin fim da 60 don 6 da 6, amma ba su ne ake tsinta a kowane gwangwani ba. Bugu da ƙari, a injuna da yawa in an canja lensi sai an canja ko an gusar da gilasan tara haske da ke sama, in ba haka ba gefen hoto ya yi rauni ko da lensin daidai ne.

Saboda haka a riƙe wannan: ɗaura dogon lensi a ƙaramin fim ba ya ɓata hoto, ƙanƙanta shi kawai yake yi. Ɗaura gajeren lensi a babban fim kuwa yanke kusurwoyi yake yi, kuma ba murɗawar da za ta dawo da su.

KOWANNE DA RANARSA

Muka tambayi Baba me ya sa ya bar 80 a jikin injin. Ya ce dalili biyu ne. Na farko yawancin aikinsa da babban fim ne, kuma babban fim ba ya buƙatar ninki mai yawa. Da 80 a tazarar rabin mita, fim mai 56 zai ba da hoto santimita 29 kowane gefe, ya wuce buƙatar mai hoton biki. Na biyu kuma, a ƙarshen aikinsa ƙananan hotuna na fasfo da na katin makaranta suka fi yawa. In kana son ninki ɗaya da rabi kawai, lensi mai 50 zai sauko har santimita 12 da rabi daga takarda, ba wurin buɗe maƙalin takarda, ba wurin zura hannu a tare haske daga fuskar da ke neman yin duhu. Mai 80 kuwa zai tsaya a santimita 20, hannu ya samu wurin aiki.

Sai kuma a sani girma yana da farashi. Hasken ƙwai ɗaya ne ake shimfiɗawa a fili mai faɗi, don haka lokacin haskawa yana ƙaruwa. Lissafinsa shi ne a ƙara ɗaya a ninkin, a ninka abin da aka samu da kansa. Ninki 3 ya ba da 16, ninki 7 ya ba da 64, wato sau huɗu. Hoton da ya ci daƙiƙa 8 yana ƙarami zai nemi wajen 32 in an kai shi ninki 7. Wanda takardarsa ke da ƙaranci irin namu, gara ya yanka guda ɗaya sala-sala ya yi gwaji kafin ya shimfiɗa cikakkiya. Zoben da ke jikin lensi mai lambobi 4, 5.6, 8, 11 kuwa ba ruwansa da girman hoto, yawan haske yake ragewa. Ana buɗe shi duka lokacin daidaitawa don a gani sosai, sannan a rufe shi mataki biyu, nan lensi ya fi fitar da hoto tsaf.

Haka kuma lensi ba ya zaɓen abin da zai girmama. Ƙurar hunturu guda ɗaya a jikin fim, in an ninka ta sau 9, sai ta fito fari a kumatun mutum kamar tsakuwa. In kana son hoto mai inci 16 da 20 daga ƙaramin fim, ninki 17 kake nema, lensi mai 50 sai ya yi nisan santimita 90 daga takarda, wanda ya wuce sandar ƙananan injuna, sai dai a juya kan ya haska ƙasa ko bango, kuma tsakin da ke jikin fim zai bayyana kamar gari. Daga fim mai 6 da 6 kuwa wajen ninki 9 ya isa. Wannan ne ya sa tsofaffin masu hoto suka daɗe suna riƙe da babban fim ga hoton da za a rataye a falo.

Kada wani ya ce wannan ilmi ya tafi tare da fim. Majigin da ake haska ƙwallo da shi a gidajen kallo, da wanda ake amfani da shi a makarantu da wuraren taro, doka ɗaya suke bi. In hoto ya yi ƙarami a bango, ko ka ja majigin baya, ko ka murɗa zoben da ke gajarta zangon lensinsa. Mai ƙaramin ɗaki da ke son babban hoto ya nemi majigi mai gajeren zango tun a wurin saye, kada ya kai gida ya ce an cuce shi.

HOTON HAJIYA DA ROƘONMU

Hoton Hajiya mun tsayar da shi a ninki 7, lensi mai 50 yana santimita 40 daga takarda, ya fito kusan santimita 17 da 25. Da mun so mu cika takardar baki da baki da sai mu kai shi 8 da rabi, amma da santimita 5 na tsawonsa sun faɗa waje, kuma a wannan gefen ne hannun tsohuwar yake riƙe da jaririn. Ranar da muka kai mata ta daɗe tana dubawa ba ta ce komai ba, sannan ta nuna wa jikokinta tsagen da ke kumatun mahaifiyarta, ta faɗa musu garin da kakanninsu suka taso kafin su sauka Tamale. Wannan tsage a ƙaramin hoton da ya lalace ba a iya ganinsa, amma yana nan a jikin fim shekara arba'in yana jira.

A nan ne roƙonmu yake. Seydou Keïta na Bamako ta ƙasar Mali ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki da babban fim mai santimita 13 da 18, yana ɗora shi kai tsaye bisa takarda ba tare da enlaja ba, abokan cinikinsa suna karɓar hoto daidai girman fim. Amma ya adana fina-finansa. A shekarun 1990 aka kai su Faransa aka faɗaɗa su, aka baje kolinsu a Paris a 1994, kuma kafin rasuwarsa a 2001 duniya ta san sunansa. Namu na gida, James Barnor, wanda aka haifa a Accra a 1929, mai shagon Ever Young a Jamestown, shi ma ajiyar fim ce ta sa aka iya baje aikinsa na shekaru masu yawa a Serpentine ta Landan a 2021. Mu ma a Tamale, daga Zango zuwa Sabonjida, akwai akwatuna irin na Baba a ƙarƙashin gadaje, cike da fuskokin iyayenmu, da bukukuwan suna da na aure, da hawan Damba, da kasuwa yadda take a da.

Don haka duk wanda ya gaji irin waɗannan kaya, muna roƙonsa kada ya zubar da dodon hoto don an ce an daina yayinsa. A sa kowanne a ambulan ta takarda, a rubuta sunan mai hoton da shekara tun masu ganewa suna raye, a ajiye wuri busasshe nesa da zafin kwano da gara, kuma a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Injin ma kada a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan kuɗin goro. Kamfanin Durst na Italiya, wanda yana cikin manyan masu ƙera enlaja, ya daina tun 2006, don haka wanda aka farfasa ba lalle a samu madadinsa ba. In ba mai amfani da shi a gida, a ba makarantar unguwa, malamin kimiyya zai koyar da darasin haske da shi ko da ba takarda ba ruwan wanki, farar kwali da rula sun isa. Sai dai in za a bayar, a duba kan taga da cikin gwangwanaye, a haɗa da duk lensunan da ke tare da shi, kada wani ya sha wahalar da muka sha.

Daga ƙarshe ga aikin gida ga ɗalibanmu masu bin wannan fili. Lensi mai lamba 75 yana santimita 45 daga takarda, fim kuma mai 6 da 6 ne. Ninki nawa za a samu, kuma gefen hoton zai zama santimita nawa? Shin zai shiga takarda mai inci 8 da 10? A rubuto amsa ta hannun edita tare da suna da makaranta, za mu kawo sunayen waɗanda suka dace. Muna godiya ga Baba da ya ba mu ɗakinsa da iliminsa, Allah ya ƙara masa lafiya.